Jinin Kang Parjan Ya Ƙi Sauka

Shekara goma sha tara Ngatmini ta yi tana auna jinin mutanen ƙauyen Karangsari, amma ba ta san lamba tana iya tsinka wa mutum zuciya ba sai da abin ya zo kan yayanta. Ita ba nas ba ce. Tana dai cikin matan da asibitin gunduma ya koya wa awo don su riƙa lura da tsofaffin ƙauyensu. Duk Talata da Asabar takan shimfiɗa tabarma a baranda, tsofaffi su taho da sandunansu, kowa ya naɗe hannun riga, ta ɗaura abin awo, ta jira, ta rubuta a littafi mai dogayen layuka. Rubutunta manya-manya ne, kowane harafi a tsaye shi kaɗai, don sai da ta aurar da 'yarta ta fari sannan ta shiga ajin yaƙi da jahilci.

Yayan nata, Kang Parjan, wato Yaya Parjan a harshensu, shi ya riƙe ta tun tana 'yar shekara shida, bayan iyayensu sun rasu a shekarar yunwa. Bara ana tsakiyar haƙar rogo sai fartanya ta suɓuce daga hannunsa na hagu, bakinsa ya karkace, magana ta riƙa fita kamar ya cika baki da abinci. Kwana shida ya yi a asibiti. Allah ya taƙaita, bakin ya koma daidai, hannun ya dawo in ban da 'yan yatsu biyu da suka ƙi jin taɓi. Amma ranar da aka sallame shi likitar ta ja Ngatmini gefe, ta ce mata wannan karon ciwon sallama kawai ya yi a bakin ƙofa. In jinin ya ci gaba da zama sama da ɗari da saba'in zai dawo ya shigo har ɗaka, kuma ba kasafai yake fita shi kaɗai ba.

Da damina ta kama sai ga Wening a kan babur, da jakar goyo da wasiƙar asibiti. Mace ce 'yar kimanin arba'in, mai tabarau, ba ta da yawan magana. A birnin Yogya take rubuta manhajojin waya, irin waɗanda ake sayen tikiti da su, sai ta ajiye aikin. Dalilin ajiyewar sau ɗaya ta faɗa wa Ngatmini, suna ɓarar gyaɗa. Mahaifinta ya faɗi a gona bai tashi ba, da aka buɗe akwatinsa aka tarar da maganin hawan jini na wata huɗu, ko ɓallewa ba a yi ba. So take ta gina abin da zai tsaya a kan mutum kamar 'yar cikinsa, ya tuna masa magani, ya riƙe awonsa, ya sanar da likita tun ba a makara ba. Ngatmini ta share mata ɗakin ɗanta da ke aiki a Batam.

Manhajar farko ba ta yi kwana goma ba. Saƙo take aikowa a rubuce, ga rabin tsofaffin ba sa karatu, sauran rabin ba sa ganin ƙananan baƙaƙe. Yatsun manoma sun yi kanta, in sun taɓa gilashin ko motsi ba ya yi. In jini ya hau kuwa sai fuskar wayar ta yi ja wur tana ƙara, har wata tsohuwa ta cusa tata cikin buhun shinkafa ta kife turmi a kai.

Wening ba ta yi fushi ba. Ta ajiye kwamfutarta a kan teburin baranda, ta jawo wata kujera. Bu Mini take kiran Ngatmini, wato Inna Mini, ita kuma ta ce mata Mbak, yadda ake kiran mace da ladabi.

"Bu Mini, ni na san injin, ke kin san mutanen. Ki zauna nan ki yi ta kushe, ni kuma ina gyarawa."

A kan kujerar nan Ngatmini ta ga abin da ba ta taɓa zaton gani ba. Ita a saninta rubutu abu ne mai zama inda aka ajiye shi. Ka rubuta sunan mutum a littafi, ka dawo bayan shekara, yana nan, bai gusa ba, bai ce uffan ba. Amma rubutun Wening, 'yan layuka masu launi a kan baƙin allo, tashi yake ya yi aiki. Ngatmini ta ce wurin dannawar ya yi ƙanƙanta. Wening ta goge wasu baƙaƙe ta sa wasu, kafin ruwan shayi ya tafasa sai ga kore ya cika fuskar wayar kamar ganyen gwaza. Ta ce a cire jan nan, yana firgita mutane, sai ya koma ruwan lemo. Wata rana ɗigo ɗaya tak ya ɓace a cikin rubutun, komai ya tsaya cik, Wening ta yi rabin yini tana nema, da ta mayar da shi duk abin ya farka. Ngatmini ta daɗe tana kallon ɗigon nan. Bai kai ƙwayar riɗi ba, amma wayoyi sittin da uku shi suke jira.

Ita ce ta ce a daina rubutu a sa murya. Ita ce kuma ta ce a bar zancen aika kiran da ƙarfe bakwai.

"Wa kika gani da agogo a nan, Mbak Wening? Ƙarfe bakwai kowa yana gona, waya tana gida a kan taga. Ki ce bayan sallar Asuba. Lokacin kowa ya tashi, ba kuma wanda ya yi nisa."

Wening ta koya wa manhajar bin alfijir duk inda ya gusa. Da suka gwada muryar da injin ke yi da kansa, tsofaffi suka ce wannan yarinyar ba ta da tarbiyya, magana take musu kamar sa'anninta. Sai aka ɗauki ta Ngatmini, a ɗaki, an rufe taga saboda zakaru, da irin lafazin da ake yi wa manya: barka da asuba, a yi haƙuri, lokacin magani ya yi.

Ranar farko Ngatmini ta idar da sallah ta fito bakin hanya da mayafinta. Gari bai gama wayewa ba, gajimare ya sauko ya kwanta tsakanin duwatsu. Sai ta ji kanta a gidan maƙwabta. Ta ji kanta a gidan da ke bayansu, da na gangare, da na can kusa da tafki, murya ɗaya tana gaida gidaje sittin da uku a numfashi ɗaya, ita kuwa bakinta a rufe. Duk shekarun nan tana hawa da sauka a kan duwatsun nan, in ta yi ƙoƙari ƙwarai ta leƙa gida biyar a yini. Ta tsaya har muryoyin suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, kowace da aka danna mata kore, alamar an sha magani, sannan ta ce Subhanallahi a hankali, ta koma ta hura wuta.

Sabon abin awon da Wening ta kawo shi yake aika lamba cikin waya da kansa, wayar kuma ta ja wa kowane mutum layinsa. Cikin mako shida layukan suka fara gangarowa kamar awaki da yamma, wasu da sauri, wasu suna tsayawa cin ciyawa a hanya, amma dai ƙasa suka nufa. Ban da na Kang Parjan.

Shi kullum kore ne, bai taɓa tsallake rana ba. Amma Talata ɗari da tamanin da huɗu, Asabar ɗari da saba'in da tara, wata Talatar ɗari da tamanin da takwas.

"Kang, kana shan maganin nan kuwa?"

"Haba Min. Da muryarki a aljihuna kullum asuba? Tun kina yarinya ban huta da bakinki ba, yanzu kuma an zuba shi a waya. Ko ba don lafiya ba ai na sha don ki yi shiru."

Ta karɓi takardar ƙwayoyin ta ƙirga ramukan da aka ɓalle, suka yi daidai da kwanaki, ba ragi ba ƙari. Kuma ta san yayanta, yakan ɓoye ciwo amma ba ya ƙarya. Ta je madafarsa ta kwashe busasshen kifin gishirin da ke rataye, ta koma ita take dafa masa, tunda matarsa ta daɗe da rasuwa. Ya ce miyarta ta zama ruwan wanke hannu, amma ya ci. Lambar ba ta motsa ba.

Wening ta fara zargin kanta. Ta bi rubutunta layi-layi ko wani wuri yana ƙara lamba, ba ta ga komai ba. Ta sauya abin awon, ta gwada a hannunta, ta gwada da tsohon na Ngatmini, duk bakinsu ɗaya. Ranar Litinin kofin shayi ya faɗi daga hannun Kang Parjan a gaban ƙanwarsa. Ya ce santsi ne, ya ce wuyansa ne kawai ya ɗan yi nauyi. Da yammacin ranar likitar, wadda take ganin layukan daga can asibiti, ta bugo waya ta ce a kawo shi ranar Alhamis. Za ta ƙara masa magani na biyu, in bai ji ba sai babban asibitin birni a duba ƙoda. Ngatmini ta san muryar nan. Da ita aka yi mata zancen bakin ƙofa.

Ranar Talata bayan masu awo sun watse aka tsuge da ruwa. Ngatmini ta zauna a kujerarta ta ce a nuna mata layin yayanta tun daga farko. A miƙe yake a sama kamar igiyar shanya, sai wuri ɗaya da ya lotsa, kwana takwas, har ya taɓa ɗari da hamsin, sannan ya sake hawa. Wening ta ce ta lura da wurin. Lokacin ne ya je Wonosari kaciyar jikansa, 'yarsa ta kai shi kantin magani aka auna ta shigar da hannu. Ƙila injinsu ne daban, ko kuwa hutu ne ya karɓe shi.

"Hutu a gidan biki? Kwana uku yana cin tsiren akuya, da bakinsa ya yi min fariya. Ai hawa ya kamata ya yi."

Ruwa yana ta dukan kwano. Can ta tambaya ko ana iya ganin na kowa da kowa a wannan makon. Wening ta taɓa nan ta taɓa can, layuka suka cika allon kamar zaren saƙa. Ngatmini ta matso da fuskarta, ta riƙa bi da yatsa a hankali, yadda take bin karatu. Biyu daga ciki sun yi tsalle sama a daidai kwana takwas ɗin nan, suka kuma sauko ranar da Kang Parjan ya dawo.

Wening ta ce waɗannan biyun ai ba sa kan magani, awo kawai ake musu kamar duk wanda ya haura hamsin. Nasu jinin ma sama yake, an ce su je asibiti, kowanne ya ce to, insha Allahu, ba wanda ya je. Ta ga layukansu sun ɗan sassauto, ta ɗauka rage gishiri ne. Ta danna ta karanto sunayen. Sakiman da Tugiyo.

Ngatmini ta janye yatsanta daga gilashin. Ta ce a share sauran a bar ukun nan kaɗai. Sai ga shi ƙarara kamar sikeli, in gefen yayanta ya sauka na mutum biyun ya hau, in nasa ya hau nasu ya sauka.

Ta san su tun ba ta san kanta ba. Tare da yayanta suka yi kiwon awaki, su uku. A shekarar yunwa in ɗaya ya tono saiwar rogo a gonar da aka riga aka kwashe, ba ya kai ta baki sai ya nemo sauran, a ɗora a kan dutse a yanka uku. Ita kuma daga cikin kason yayanta ake gutsuro mata. Yau sun haura saba'in, kuma ba asubar da ba sa zama a barandar ƙaramin masallaci da butar shayi ɗaya. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne wannan injin bai taɓa ganinsu ba, bai san akuya ba, bai san yunwa ba, lamba kawai ake ba shi Talata da Asabar, amma ga shi ya zana amincin shekara sittin a kan gilashi, da layi uku. Ta ji irin abin da takan ji in ta ɗaga kai ta ga taurari bayan an ɗauke ruwa.

Ba ta gaya wa Wening abin da take zato ba. Ta dai ce gobe ta tashi da wuri, za su kai soyayyen rogo masallaci.

Suka tarar da su inda ta san za ta same su, kowa da zanensa a kafaɗa saboda sanyi, butar ƙasa a tsakiya, da dunƙulen sukari a ɗan faranti. Kang Tugiyo, mai ƙiba da yawan dariya, ya ce yau wace rana, Min ta tuna da marayu. Kang Sakiman, siriri, ya gyaɗa kai kawai. Matan suka ajiye rogon suka koma gefe kamar masu jiran faranti.

Aljihun Kang Parjan ya yi magana. Ya ciro wayar ya ajiye a tabarma, ya ciro takardar magani ya ɓallo ƙwaya ɗaya a kan farantin kofi. Sannan ya zaro 'yar wuƙar da yake yanka taba da ita, ya goge ta a zanensa, ya sunkuya. Da hannun nan mai matattun yatsu biyu ya danne farantin, ya yanka farar ƙwayar gida uku, a natse, ba gaggawa, irin yankan wanda ya saba. Ya tura farantin gaba.

"Bismillah, Man. Bismillah, Yo."

Suka ce a'a, ya sha abinsa. Ya sake turawa. Kowa ya ɗauki nasa ya kora da shayi. Shi ya ɗauka a ƙarshe, wanda ya fi ƙanƙanta, ya dangwali garin da ya rage da yatsa ya lashe, sannan ya danna kore.

Wening ta buɗe baki, Ngatmini ta kama wuyan hannunta ta matsa. Ba a gyara wa babba a gaban abokansa. Suka ɗauki farantinsu suka yi sallama, sai da suka sha kwanar gonar ayaba Wening ta tsaya ta cire tabaranta.

"Kashi ɗaya cikin uku, Bu. Mako shida."

"Ƙaramin kason ma."

"Kuma bai yi ƙarya ba. Na tambaye shi ko ya sha, ya sha. Ni ce ban san akwai wata tambayar ba."

"Ba ke ba ce. Ni na ce bayan Asuba."

Abin da ya fi ci mata rai ke nan. Garin neman gira ta kusa rasa ido. Duk ɗan da aka haifa a ƙasar nan ya san ba a kai abu baki a gaban mutane sai an yi musu tayi, ko da ruwa ne. Wanda aka yi wa tayin ya ce a'a, a ci lafiya, shi ke nan an fita hakki. Haka ake yi a gidaje sittin da biyu, shi ya sa ba ta kawo komai a ranta ba. Ta manta akwai mutum uku da a tsakaninsu tayi ba ladabi ba ne kawai, ba a taɓa yin sa a mayar ba. Ita da bakinta ta aika kiran ya same shi a daidai wurin da ba zai iya haɗiye komai shi kaɗai ba.

Wening ta ce gyaran mai sauƙi ne, ba zai kai tafasar ruwa ba. A mayar da kiransa azahar, lokacin yana gona shi ɗaya. Ngatmini ta girgiza kai. Ta ce zai ɓallo ƙwayar ya ƙulle a takarda ya ajiye har asuba. In kuma ya daure ya haɗiye a ɓoye zai ji kansa ɓarawo, kafin mako ya daina sha gaba ɗaya. Sannan waɗancan biyun fa, da nasu jinin yake sama, a ƙwace musu ɗan abin da suke samu a bar su haka nan?

Suka ci gaba da tafiya. Sai da suka kai ƙofar gida Ngatmini ta tambaya ko abin nan yana iya kiran mutum uku kamar mutum ɗaya. Wening ta mayar da tabaranta. Ta ce tun daga tushe ta gina shi kowa shi kaɗai, mutum ɗaya, waya ɗaya, ƙwaya ɗaya, don haka aka koya mata ganin majiyyaci. Sai ta warware wurare da yawa. Amma in ba a ɗauke wuta ba, kafin magariba za ta iya.

Bayan la'asar Ngatmini ta aika aka gayyato su ukun shan shayi a barandarta. Ta bari sai da aka sha kofi na biyu, aka yi zancen ruwa da ɓerayen da ke cin masara. Sannan ta juyo musu da allon kwamfutar, ta ce injin Mbak Wening ya zana wani abu da ya fi ƙarfin karatunta, ko manya za su duba mata. Ta nuna layi uku, ta faɗi mai kowanne.

"Wannan tsutsar ce ni?" in ji Kang Tugiyo. "Bu Injiniya, ai na fi haka ƙiba. Ki ƙara min nama."

Aka yi dariya. Ngatmini ta ɗora yatsa a kan kwana takwas ɗin, ta ce nan ne Kang Parjan ya je Wonosari. Ta nuna inda nasa ya sauka, ta nuna inda nasu ya hau. Ba ta kalli kowa ba. Ta ce ita dai abin da likita ta taɓa gaya mata shi ne ƙwayar nan aunata ake daidai jiki ɗaya, kamar yadda tela yake yanka riga. In an raba ta uku ba ta rufe kowa. Ta ce kuma wanda ya taɓa faɗuwa sau ɗaya shi ne sanyi ya fi kamawa.

Dariyar ta ɗauke. Kang Tugiyo ya ajiye kofinsa. Kang Sakiman ya matso ya ƙura wa allon ido, ya bi layukan daga farko har ƙarshe, ya sake bi, sannan ya juya ga amininsa.

"Wato mako shida muna cin ranka, Jan, kai kuma kana miƙo mana da hannunka."

"Rogo ma ai ya ishe mu, mu uku."

"Rogo ne wannan, tsohon banza?"

Kang Parjan ya sunkuyar da kai yana murza matattun yatsunsa. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta.

"Ku ma kanku yana ciwo, na sani. Ni ban san yadda ake haɗiye abu kuna kallo ba."

Kowa a wurin ya san Kang Sakiman bai sake taka asibitin gunduma ba tun ranar da aka fito da matarsa daga ciki a rufe, shekara tara ke nan, ko hanyar ba ya bi. Ya ɗauki kofinsa ya shanye sauran shayin da ya huce, ya goge baki, ya tambayi Ngatmini ƙarfe nawa akori-kurar kasuwa take tashi gobe.

Ranar Alhamis suka tafi su biyar, tsofaffin sun sha rigunan biki da baƙaƙen huluna, a zaune a kan buhunan rogo. Likitar ta saurari labarin har ƙarshe. Ta fara dariya, sai ta katse, ta daɗe tana kallon layuka ukun a wayar Wening. Ta ce da ta ƙara masa magani yau, shi ma uku za a yanka shi, ta yi ta ƙari tana neman ciwon da babu. Ba ta ƙara masa wani magani ba. Ta ce ya sha tasa ƙwayar cikakkiya, a riƙa auna shi kullum har mako biyu, in bai sauka ba maganar birni tana nan. Ta duba sauran biyun ta rubuta wa kowa nasa. Na Kang Sakiman ruwan hoda ne, ba irin nasu ba, ta ja musu kunne sau biyu cewa ba a musaya, ba a ɗanɗana wa juna. Kang Tugiyo ya ce to ashe dai an mayar da su 'yan birni, kowa da farantinsa.

Tun daga asubar Juma'a kira ɗaya ne yake zuwa barandar masallaci. An sake ɗaukar muryar Ngatmini tana ambaton sunayen ukun bi da bi, babba kafin ƙarami, ta ƙare da cewa kowa ya sha tasa duka. Kore uku ne suke fitowa a fuskar wayar, ba ta yin shiru sai an danna dukkansu. Kang Parjan yakan jera ƙwayoyin a faranti ɗaya, ya tura gaba ya ce bismillah, su ce a'a, ya sake turawa, kowa ya ɗauki tasa.

Jinin bai sauka da gudu ba. Ɗari da saba'in da shida, ɗari da saba'in da ɗaya, sai ya tsaya a nan kwana uku cur, har Ngatmini ta fara haɗa masa kayan tafiya birni a ranta. Wening ta riƙa zama kusa da ita a lokacin awo. Rana ta shida ya taɓa ɗari da sittin da biyu.

Asabar ta biyu baranda ta cika. Da layi ya zo kansa Kang Parjan ya zauna ya naɗe hannun riga yana mitar cewa an matse damtsen nan har ya fara ramewa. Ngatmini ta ce ya yi shiru, ba a magana ana awo. Ta ɗaura, ta danna. Injin ya fara gurnani, abin ya kumbura, ya tsaya, ya soma saki kaɗan-kaɗan. Ngatmini ta kasa kallo, ta mayar da idonta kan jijiyar da ke harbawa a gefen wuyansa, tana bugawa a hankali ƙarƙashin tsohuwar fata. Da injin ya yi ƙara ta duba. Ɗari da arba'in da shida bisa tamanin da takwas.

Ba ta yarda ba. Ta kwance, ta bari ya huta, ta ɗaura a ɗaya hannun. Ɗari da arba'in da huɗu.

"Nawa, Min?"

Ta gaya masa. Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin gyaɗa, ya sauke hannun rigarsa, ya matsa gefe a kan tabarmar ya bar wuri.

"To, auna Man mu ji. Jiya ya ce kansa ya yi sakayau, ban yarda da shi ba."

Kang Sakiman ya zauna ya miƙo siririn hannunsa. Ngatmini ta jawo abin awon ta ɗaura masa.